SHAWARAR WATA: Kafin ka tada inji, duba ƙasa, duba takarda, duba aljihu

Gero ya shiga rumbu, dabbobi sun shiga kara, sanyi ya fara saukowa. Wanga shi ne lokacin da aikin sassabe, shinge da gyaran ƙasa ke tashi ko'ina, daga Tawa har Damagaram.

A wanga wata wani ɗan'uwa daga wajen Madarunfa ya aiko mana da wasiƙa. Ya ce ya samu kwangila ta farko a rayuwarsa. Koperatif ɗin mata ta garinsu ta samu fili na hekta 4 don yin garka. An ba shi aikin share filin da kewaye shi da giriyaji. An ba shi rabin kuɗɗin, sauran sai aiki ya ƙare. Tambayoyinsa uku ne. Ya yi hayar katafila ko ya sa mutane? Ya sayi injin zarto ko kuwa a'a? Giriyaji da turaku nawa za ya saye?

Ɗan'uwa, ka yi daidai da ka tambaya kafin ka kashe kuɗɗi. Mai tambaya ba ya ɓata. Amsar da za mu ba ka, ta kowa ce. A karanta ta a dandali, a karanta wa waɗanda ba su yi yaƙi da jahilci ba.

ABIN DA IDONA YA GANI

Shekarun baya an aike ni duba wani aiki irin naka. Ɗan kwangilar mutumin kirki ne, amma mai gaggawa. Ya yi hayar katafila ta kwana biyu. Ta tumɓuke sabara da kalgo, ta kada gawo uku, ta ture ƙasar sama ta tara ta gefe guda kamar tudu. Fili ya yi fes kamar tafin hannu. Mutanen gari sunka yi ta murna.

Da iskar bazara ta taso, sai rairayi ya tashi. Ya rufe giriyajin gabas har rabi. Awaki sunka riƙa hawa tudun rairayin suna tsallakawa cikin garka. Mata sunka shuka, shuka ba ta yi ba, don ƙasar da ke da taki tana can gefe a tare. Bayan haka sai makiyaya sunka sauko daga arewa, sunka tarar kusurwa guda ta shingen ta ci burtali. Anka kai ƙara. Anka ce a tumɓuke wannan gefen. Ma'aikatan gandun daji kuma sunka ci shi tara saboda gawo.

Sauran kuɗɗinsa ba su fito ba. Ya saida shanun nomansa ya biya bashi. Matan kuwa sun yi asarar shekara guda. Ba mugunta ta jawo wannan ba, rashin shawara ne. Shi ya sa za mu bi abin daki-daki.

NA FARKO: TAKARDA KAFIN GATARI

Kada ka sari icce ko ɗaya sai ka je wurare biyu.

Wuri na farko, ofishin ma'aikatan gandun daji. Dokar daji ta ƙasarmu, mai lamba 2004-040 ta ran 8 ga watan Yuni 2004, ita ke tsara sara da sassabe. Akwai itatuwan da hukuma ke karewa, kamar gawo, giginya, tsamiya, kuka da ɗorowa. Ka nemi ma'aikaci ya zo filin da ƙafarsa. Ya nuna maka abin da za ka sare da abin da za ka bari. Ka sa wa waɗanda za a bari alama da fenti ko tsumma. Ka karɓi izini a rubuce, ka adana.

Wuri na biyu, kwamitin kula da filaye na garinku. Tun dokar karkara ta ran 2 ga watan Maris 1993 anka kafa tsarin waɗannan kwamitoci. Dokar kiwo ta shekarar 2010 kuma ta ce burtali da wuraren kiwo dukiyar jama'a ne, ba mai toshe su. To ka tara mai gari, da wakilin makiyaya, da masu gonakin maƙwabta, da shugabar matan. Ku zagaya iyaka tare. A kafa turaku huɗu na kusurwa a gaban kowa. Wuni ɗaya ne za ka kashe, amma zai raba ka da shari'ar shekara.

NA BIYU: KOWACE ƘASA DA KAYAN AIKINTA

Ƙasarmu ba iri ɗaya ba ce. Akwai jigawa, akwai fadama, akwai fako. Kayan da ya gyara ɗaya, shi ke ɓata ɗaya.

Jigawa rairayi ce. Albarkarta duka tana cikin ƴar ƙasar sama, wadda kaurinta bai fi taƙi ɗaya ba. Saiwar sabara da kalgo da geza su ke riƙe ta. In katafila ta shiga, ta kwashe wannan ƴar ƙasa, sai iska ta ƙarasa sauran. A jigawa kayan aikinka gatari ne, da gitta, da adda, da magagarin wasa su. Ba ka bukatar inji.

Ku tuna abin da ya faru a jihar Maraɗi. Da can manomin kirki shi ne wanda ya share gonarsa tas, ya ƙone kututture. Daga shekarar 1983 wani ma'aikaci ɗan ƙasar Ostiraliya, Toni Rinodo, tare da manoman jihar, sunka fara gwada wata dabara. Sun lura kututturen da ake sarewa kowace shekara ba matattu ba ne. Saiwarsu na nan da rai cikin ƙasa. In an zaɓi tsiro mai ƙarfi an bar shi, an rage sauran, cikin shekara kaɗan sai ya zama icce. Wannan shi ne sassaben zamani. Bayan yunwar 1984 ya bazu. A jihar Damagaram kuma, wajen Magarya da Matamaye, manoma sunka raya gawo a gonakinsu. Da masana sunka duba hotunan sama a shekarun 2000, sun ƙiyasta gonakin da sunka farfaɗo sun kai hekta miliyan 5, itatuwa kuwa wajen miliyan 200. Duk wannan da gatari da adda anka yi shi. A ran 30 ga watan Yuli 2020 gwamnati ta fitar da doka ta musamman kan wannan aiki, don manomin da ya raya icce a gonarsa ya ci moriyarsa.

Ga yadda za ka nuna wa ma'aikatanka. A kowane kututturen da za a bari, a zaɓi tsiro madaidaici, daga 1 zuwa 5. A sare sauran. A riƙa sara daga ƙasa zuwa sama, don kada ɓawo ya yage. A rage rassan ƙasa har rabin tsawon tsiron, kada a wuce. Adda ta zama mai kaifi, don dakusasshiya farfasa icce take yi, ruɓa ta shiga.

A garka ba za ka bar icce ko'ina ba, kayan lambu na son rana. Amma ka bar na gefen gabas da arewa, inda iska ke fitowa. Ka bar gawo duk inda yake. Gawo na zubar da ganye da damina, ya yi ganye da rani. Inuwarsa da rani hutu ce ga mata masu ban ruwa, ƴaƴansa kuma abincin dabbobi ne.

Fadama laka ce. Kada mota mai nauyi ta shiga sai ta bushe sosai. In ta shiga da danshi, ƙasa za ta dandaƙe, ruwa ya daina shiga. Kututturen da ya zama dole a cire, a haƙe shi da dagi da diga, a sare saiwoyin gefe, a ɗaura igiya shanu su ja.

NA UKU: INA KATAFILA KE DA AMFANI?

Ba mu ce inji mugun abu ba ne. Wurinsa fako. Fako ya yi tauri kamar daɓe, ruwan sama na gudu a kansa, ko ciyawa ba ta fita. Can ne babban inji ke biyan kuɗɗinsa. Mutanen Keita sun san haka. A aikin raya karkara da anka fara can a 1984, da taimakon ƙasar Italiya, injuna sun tsaga fako, jama'a kuma, yawancinsu mata, sun jera duwatsu sun dasa itatuwa. Inji da hannu tare sunka yi aikin.

A fako abin da kake so ga katafila shi ne haƙoran baya masu tsaga ƙasa. Faifan gaba mai turawa a ɗaga shi sama. Ka faɗa wa direba haka tun kafin ya hau.

Akwai kuma garmar da wani Ba'italiye, Benanziyo Balerani, ya ƙera, ana ce mata Delfino. An fara aiki da ita a ƙasarmu a 1988, a Damargu. Tarakta ke jan ta, tana nitsewa tana tasowa, tana haƙa ramuka masu siffar rabin wata. Tana iya gyara hekta 15 zuwa 20 a wuni. Da hannu kuwa, rabin wata mai faɗin metir 4, ana yin 313 a hekta ɗaya, mutum na haƙa kamar 3 a wuni. Ka ga hekta ɗaya za ta ci mutum ɗaya fiye da kwana 100. Bambancin babba ne. Amma wannan garma na son tarakta mai ƙarfi ƙwarai, da bakanike a kusa, da fili mai faɗi. Aikin ma'aikatu da manyan ƙungiyoyi ne. Ba ta hekta 4 ba ce.

Ko da inji ko da hannu, a fako sai an auna gangare. Tiyo mai haske cike da ruwa, da sanda biyu masu zane, sun isa a fitar da layin da ruwa ke kwanciya daidai. Bakin rabin wata ya dubi inda ruwa ke fitowa. Layi na biyu ya faɗa tsakanin ramukan na farko. In an karkace, ruwa zai taru wuri ɗaya ya fasa, maimakon gyara sai a samu kwazazzabo.

In har aiki ya kama ka yi hayar babban inji, ga abin lura:

1. Ku yi yarjejeniya a rubuce. Da awa za a biya ko da hekta? In da awa ne, ka duba agogon inji da idonka safe da yamma.
2. Wa ke biyan gazuwal? Wa ke biyan motar da za ta kawo injin ta maida shi? Sau da yawa kuɗɗin ɗauko shi ya fi na aikin.
3. In ya lalace a filinka, wa ke gyara? A rubuta.
4. Kafin a tada shi, a duba mai, a duba ruwa, a sa giris. Da hunturu a kakkaɓe matatar iska kullum.
5. Gazuwal ɗin durom a bar shi ya kwanta, a tace shi. Ruwa da ƙasa cikin gazuwal su ke kashe famfon inji, gyaransa kuwa tsada gare shi.

NA HUƊU: INJIN ZARTO

Ɗan'uwa, ka ƙirga itatuwan da aka ba ka izinin sarewa. In ba su wuce goma ba, kada ka sayi inji. Ka kira mai inji ka biya shi wuni ɗaya, ko ka sa masu gatari. Inji na biyan kansa ne ga wanda ke da aiki wata da watanni: mai gyaran layukan dogon yaro, mai datsa itatuwan da iska ta kada, ko ƙungiyar ƴan itace ta kasuwannin karkara irin na dajin Baban Rafi, waɗanda dokar 1992 ta ba hanya.

Misali mai kyau shi ne kwarin Majiya, wajen Buza. Tun 1975 anka fara dasa dogon yaro layi biyu-biyu, metir 100 tsakanin kowane jeri, don tare iska. Da itatuwan sunka girma, ba tumɓuke su anka yi ba. Kai ake sassakewa sama da tsawon mutum, a samu azara da itacen wuta, icce ya sake tohuwa. Irin wannan aiki shi ne na zarto.

Wanda zai saye, ya fara tambaya: akwai sarƙa, buji da magagarin wannan inji a kasuwar da ke kusa da ni? Akwai bakaniken da ya san shi? Sunaye irin su Stihl da Husqvarna sanannu ne, amma jabu sun cika kasuwa da kala iri ɗaya. In ka ji araha ta yi yawa, ka ja da baya. Araha ba ta ado.

Ga dokokin riƙon inji:

Mai. Injin zarto ba ya da tankin baƙin mai. Cikin esansi ake zuba masa mai na musamman, wanda aka rubuta 2T a jikin gwangwaninsa. In mai kyau ne, kashi 1 na mai cikin kashi 50 na esansi. Wato litir 5 na esansi, mililitir 100 na mai. Ka nemi sirinji ko ƙaramin kofi mai zane, kada ka auna da ido. A girgiza a jarka kafin a zuba. Kada a haɗa abin da ya wuce na wata ɗaya. Esansin kwalba na bakin hanya a tace shi da ƙyalle mai tsabta. Wanda ya zuba esansi tsura, cikin mintoci kaɗan fiston zai kama, inji ya mutu.

Man sarƙa. Tankinsa dabam ne. Duk lokacin da ka cika esansi, ka cika shi. Kada ka sa baƙin man da aka juye daga mota, akwai garin ƙarfe ciki, yana cinye famfo da sarƙa.

Wasa sarƙa. Babban maƙiyin sarƙa a ƙasarmu rairayi ne. Iska na cusa shi cikin ɓawon icce. Kafin ka yanka, ka ɓare ɓawon wurin da gatari. Kada sarƙa ta taɓa ƙasa ko sau ɗaya. Sarƙa mai kaifi na fitar da ɓarɓashi manya. In ka ga gari mai laushi kamar na tuwo, ta dakushe, ka tsaya. Kowace sarƙa da girman magagarinta: akwai na milimetir 4, da 4,8, da 5,5. A wasa kowane haƙori daga ciki zuwa waje, da karkata iri ɗaya, da ƙirga iri ɗaya.

Iska. A wanke matatar iska kowace yamma. A share tsakanin haƙarƙarin kan inji, don nan yake shan iska. Da zafin bazara a yi aiki da safe da la'asar.

Rai. Wannan ya fi duka. Kada ka yanka da ƙarshen hancin inji, nan ne yake zabura ya dawo wa fuska. Hannu biyu kullum. Kada ka ɗaga shi sama da kafaɗa. Kada ka hau icce da shi in ba ka koya ba. Babbar riga, rawani mai jela da silifa ba kayan wannan aiki ba ne. A sa takalmi rufaffe, da tabarau, da hular kwano, a toshe kunne. In za a kada icce, a fara yanka baki ta gefen da ake so ya faɗi, zurfin kashi ɗaya cikin huɗu na kaurinsa. Sannan a yanko ta baya, a bar ɗan tsakani kada a raba, shi ke riƙe icce ya faɗi inda aka nufa. Yara da masu kallo su yi nisan tsawon iccen sau biyu. Kada mutum ya yi wannan aiki shi kaɗai a daji.

NA BIYAR: LISSAFIN SHINGE

Yanzu ɗauko alƙalami. Hekta ɗaya fili ne mai metir 100 tsawo, metir 100 faɗi. Hekta 4, in kowane gefe metir 200 ne, kewayensa metir 800. Amma in filin dogo ne, metir 400 da metir 100, girmansa ɗaya, kewayensa kuwa metir 1.000. Ka ga siffar fili kaɗai ta ƙara maka metir 200 na giriyaji. Saboda haka kada ka yarda da abin da aka rubuta a takarda. Ka auna da igiyar awo da kanka kafin ka je kasuwa.

Mu ɗauka naka metir 800 ne.

Giriyaji: in naɗi ɗaya metir 25 ne, kana bukatar 32. Ka ƙara 2 saboda haɗi da ɓarna. Tsawonsa ya kai metir 1,5, don akuya ba ta da kunya. Ka warware naɗi ɗaya a gaban mai kanti ka auna. Ka duba kaurin waya, ka tabbata mai farin shafi ce wadda ba ta saurin tsatsa.

Turaku: ɗaya kowane metir 2,5, wato 320. Tsawon kowane metir 2, santimetir 50 cikin ƙasa. Ƙarfe mai kusurwa na zuwa da tsawon metir 6, sanda ɗaya ta ba ka turke 3. Kana bukatar sanda 107, ban da na tokare da na ƙofa. Maƙerin walda ya huda kowane turke wuri uku, ya tsaga gindinsa ya buɗe, don kada ɓarawo ya zare shi. A shafa fentin tsatsa kafin a kafa.

Waya mai ɗaurewa: layi uku, sama, tsakiya da ƙasa. Metir 800 sau 3, metir 2.400. Ita ke ɗauke da giriyaji. Wanda ya ce zai yi tattali ya bar ta, cikin wata shida shingensa zai yi ciki.

Siminti: kwano 1 na siminti, 2 na rairayi mai tsabta, 4 na tsakuwa. In ramin santimetir 20 ne faɗi, 50 zurfi, buhu ɗaya zai cika rami kamar 8. Wato buhu 40. A riƙa ba shi ruwa safe da yamma. A jira kwana 7 kafin a ja waya.

Ƙarfin shinge yana kusurwa. Kowace kusurwa a sa turke mai kauri, da tokare biyu. A kan layi kuma a sa turke mai tokare kowane metir 50, nan ake ɗaure waya a ja. A ja igiya daga kusurwa zuwa kusurwa kafin a haƙa rami, don layi ya miƙe. A binne gindin giriyaji kamar yatsa huɗu, ko a danne shi da duwatsu. Ƙofa ta yi faɗin da amalanke zai shiga da taki, metir 3.

In kuɗɗi ba su kai na ƙarfe ba, a sa icce. Tsofaffi sun san ƙirya da giginya su ne gara ba ta ci da wuri. Amma sun yi ƙaranci, kada a taɓa su. A sayi sandunan turare ko dogon yaro daga mai gandu. A ɓare su, su bushe, a babbake gindi, a shafa kwalta. Duk da haka ka faɗa wa matan gaskiya: turken icce sai an riƙa canza shi.

NA SHIDA: SHINGE MAI RAI

Giriyaji na tsufa. Tsatsa na ci, sa na turewa, ɓarawo na yanka. Ɗan kwangilar ƙwarai shi ne wanda zai bar wa mutane abin da zai gaji giriyajin. Ka ba koperatif shawara a dasa shinge mai rai ta ciki, taku ɗaya daga waya. Wayar za ta kare shi daga awaki har ya yi ƙarfi.

Magarya, bagaruwa, ɗakwara, dirga da lalle duk suna yi. Magarya ta ba da ƴaƴa, ɗakwara ta ba da ƙaro, bagaruwa ta je wa majema, lalle kuwa mata sun san kasuwarsa. A dasa layi biyu, santimetir 50 tsakanin dashe, na layi na biyu ya faɗa tsakanin na farko. Metir 800 zai ci ɗiyan itatuwa 3.200. A shuka iri cikin leda a watan Maris ko Afirilu. Irin bagaruwa mai tauri ne, a jiƙa shi da ruwan zafi ya kwana. A dasa in damina ta zauna, a watan Yuli ko farkon Agusta. Ga ranar 3 ga watan Agusta, ranar dashen itatuwa ta ƙasa, sai a haɗa da ita. Aguwa kuwa reshe ake yankowa a kafa da bazara, kafin ruwa ya sauka. In an kafa ta cikin ruwa ruɓewa take.

Hattara da ƙayar nan purozofis da anka kawo daga ƙasashen Amurka. Tana saurin girma, amma dabbobi na yaɗa irinta. A wajen tafkin Cadi ta cinye wurare masu yawa. Kada a kai ta fadama ko kusa da rijiya.

AMSARKA A TAƘAICE

Kada ka yi hayar katafila. Ka ɗauki matasan garin, kuɗɗin su zauna gida. Kada ka sayi injin zarto bana. Abin da za ka saye: gatari da adda masu kyau, magagari, dagi, diga, shebur, baro, igiyar awo, awartaki, da abin jan waya. Abin da ya rage ka sa shi cikin amalanke da jaki da durom biyu. Su za su kawo maka ruwa, rairayi, tsakuwa da turaku. In kwangila ta ƙare, amalanke na nan yana nema maka abinci. Ba ya shan esansi, maƙerin garinku kuma ya iya gyaransa.

Ka riƙe littafi. Kowace dala da ta fita ka rubuta. Ka biya ma'aikata ranar da ka yi alkawari. Ranar miƙa aiki ka zagaya da shugabar matan turke bayan turke, ta girgiza da hannunta.

A watan Mayu na 1984, a zamanin Shugaba Saini Kunce, wakilan ƙasa duka sun taru a Maraɗi sun ɗauki alkawarin yaƙi da hamada. Ɗan kwangilar da ke riƙe da gatari yana cikin masu cika wannan alkawari, ko masu karya shi. Matan garinku sun haɗa kuɗɗinsu sun ba ka amana. In garkarsu ta yi albarka, ba sai ka nemi kwangila ta biyu ba, ita za ta neme ka.

Wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana kan injin ban ruwa da famfo mai aiki da hasken rana: wanne ya dace da rijiyar garka, da yadda ake kula da shi. Mai tambaya ya ba malamin yaƙi da jahilci na garinsu wasiƙarsa, za ta iso mu. Allah ya ba mu rani lafiya, ya kai mu damina mai albarka.